Wanda Ya Bugi Ambo Daga Baya

Tanete, Sidrap
Cikin watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Mappiare,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Hasni da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a guminku, ya tsare ka daga ƙaya da macizan gonar kwakwar manja, ya kuma nuna mana watan azumi muna da rai da imani. Mu nan muna lafiya gwargwado. Mahaifiyarmu Indo tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta zuwa kasuwar Laraba ba, ta ce ranar da ta fasa zuwa kasuwa ku fara haƙa rami. Ƙanwarmu Wellang ta sauka lafiya a Pinrang, an sami mace, kamanninta ɗaya da kai har goshin. Maigidana yana gaishe ka. Ni ina nan da 'yan makarantata, bana an ba ni aji huɗu. Shinkafa ta fara ja, ɓeraye ba su yi ɓarna kamar bara ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, a sansaninku sai ka hau tudu kake samun magana, kuma rabinta iska ke ɗaukewa. Na biyu, a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Ranar da muka yi magana ta ƙarshe ka ce za ka zo da Sallah, kuma akwai wanda za ka fara gani kafin ka ga mahaifinmu. Na san wanda kake nufi, na kuma san irin ganin. Abin da ka sani game da faɗuwar mahaifinmu Ambo daga bakin ƙanenmu Basri ka ji shi, a makon farko, lokacin da kowa yake tafasa. Abubuwa da yawa sun biyo baya. Matar Haji Beddu na nan garinmu za ta hau jirgin ruwa daga Parepare zuwa Nunukan, ta yarda ta miƙa wannan ga wanda zai kai maka. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaura jakarka.

Ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da na tattara. Lokacin dashe ne, kuma ka san Ambo da maƙwabcinmu Kawu Laupe tun kafin a haife mu suke jayayya a kan ƙofar ruwan da ke raba gonakinsu. Safiyar ranar ma sun yi. Matan da ke dashe a gonar ƙasa sun ji Ambo yana cewa gonar Laupe ta fi ɓauna shan ruwa, shi kuma Kawu Laupe ya ce da kunyoyin gonar Ambo ba sa yoyo kamar tsohon kwando da ruwan ya ishi kowa. Babu wanda ya ɗago kai, don sun saba ji. Ambo ya juya zai tafi, da buhun taki a kafaɗa, Kawu Laupe yana bayansa da fartanya a wuya. Maimakon ya zagaya ta kan katako, sai Ambo ya yunƙura zai tsallake ƙaramar hanyar ruwan, kamar yadda yake yi tun yana saurayi, ya manta ya wuce sittin. Yana takawa da ƙarfi ya ji ƙara kamar an karya gora, ya kuma ji an sauke masa duka a sharaɓar ƙafar dama. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya tafi gaba ɗaya da buhun, fuskarsa ta sauka a kan ƙarfen ƙofar ruwan, daidai tsakanin ido da karan hanci. A wannan ƙiftawar babu mai kallonsu. Abin da matan suka gani da suka ɗago shi ne Kawu Laupe ya goyo Ambo yana bin kunya da shi zuwa titi, jini har gwiwar hannunsa.

Shi ne ya tare motar da ta kai su asibitin Parepare. Da muka isa ni da Indo da Basri, mun tarar da shi zaune a baranda da rigar jinin. An wanke wa Ambo fuska an ɗinke, idon hagu ya kumbura ya rufe. Maganar farko da ya yi mana ita ce Laupe ya buge shi da ƙotar fartanya daga baya. Ka san Ambo. Zai iya yin taurin kai, zai iya ƙin gaisuwa shekara guda, amma ƙarya ba ta cikin halinsa. Ya faɗi abin da ya ji a jikinsa, kuma duk wanda ya ji shi a wannan sa'ar ya yarda. Indo ta fita baranda ta ce wa Kawu Laupe ya tafi gida. Ya tashi ya ce shi bai taɓa Ambo ba, ya tafi. Har yau wannan kalmar ce bai canza ba, bai kuma yi mata ƙari ba.

Abin da Basri bai gaya maka ba shi ne abin da shi ya yi. Da yammacin ranar ya koma gari, ya buɗe akwatin Ambo ya ɗauko wuƙar badik ta kakanmu, ya je ya tsaya a gindin matakalar gidan Kawu Laupe. Ya kira shi da sunansa tsirara, ba Kawu ba komai, ya ce idan shi namiji ne ya sauko ya bugi wanda yake kallonsa, ya bar bugun tsofaffi ta baya kamar ɓarawon kaji. Ya faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Duk unguwa ta fito. Kawu Laupe bai sauko ba, ya kuma riƙe ɗansa da ya so saukowa. Liman da dagaci ne suka karɓi wuƙar suka janye Basri. Ka tuna kuma an riga an yanke maganar auren Basri da Cenning, 'yar Kawu Laupe, an sa rana bayan girbi. Tana cikin gidan lokacin, bango na katako ne kawai tsakaninta da shi. Washegari Basri ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Aka kira Kawu Laupe, mutumin da bai taɓa taka wurin ba sai don katin shaida, ya wuni a kan benci mutane suna wucewa suna kallonsa. Suka sallame shi suka ce sai sun ga takardar likita.

Likitar da ta duba Ambo wata 'yar ƙabilar Toraja ce, Dakta Rante, ƙaramar mace mai magana a hankali. Ta juya ƙafar ta haska fitila, ta tambaye shi daidai inda dukan ya sauka. Ya nuna. Ta ce ta ji, amma fatar wurin ba ta da ƙwarzane ko tabo, kuma ƙotar da za ta kayar da mutum mai jikinsa sai ta bar sawunta. Ta sa aka kawo na'urar nan da ake duba cikin masu juna biyu, ta shafa mai a sharaɓar ta bi ta da ita. Bayan nan ta kira ni da Indo ta yi mana bayani a gabansa. Ta ce sharaɓa tsoka ce manya biyu, ɗaya a kan ɗaya, suna haɗuwa su zama agarar da ke riƙe dunduniya. A tsakaninsu akwai wata 'yar siririyar tsoka, tana farawa daga bayan gwiwa, jikinta bai fi yatsa ba, sauran duk jijiya ce doguwa kamar zaren kamun kifi har zuwa dunduniya. Ba ta da wani aiki mai yawa, har ma akwai waɗanda ake haifa babu ita kuma ba sa taɓa sani. Wannan ce ta tsinke a ƙafar Ambo, ta kuma tafi da gefen babbar tsokar da ke kanta. Ta ce hakan yana samun mutanen da suka manyanta idan suka yunƙura da ƙarfi bagatatan, kuma yawancinsu abin da suke fara yi shi ne waiwaye, don jiki ba ya bambanta wannan da duka. Ƙarar da ya ji ma daga cikin ƙafarsa ta fito.

Sai ta ɗauko hoton fuskarsa. Ta nuna mana wani ɗan ƙashi a lungun ido ta wajen hanci, ta ce a duk ƙasusuwan fuska babu wanda ya kai shi ƙanƙanta, faɗinsa kamar farce, kaurinsa kamar ɓawon ƙwai. Akwai ɗan kwari a jikinsa, nan ne 'yar jakar da ke tara hawaye take zaune, daga nan ruwan yake bin wata siririyar hanya ya zuba cikin hanci. Shi ya sa idan mutum ya yi kuka hancinsa ma yake zuba. Ta ce ido kullum yana yin ruwa don ya wanke kansa, ba ma lura ne kawai saboda yana da mafita. Ƙarfen ƙofar ya farfasa wannan ƙashin a fuskar Ambo. Ganinsa bai taɓu ba, amma sai kumburi ya sauka za a san ko hanyar ta toshe. Ƙafa kuwa ba ta buƙatar wuƙa, sai ɗauri da hutu da ɗaga dunduniya, kuma kada a bari kowa ya murza ta.

Ambo ya saurara har ta gama. Sannan ya tambaye ta ko tana wurin lokacin da abin ya faru. Ta ce ba ta nan. Ya ce to shi yana nan. Ya ce ya sha karaya, ɓauna ta taɓa take shi, ya san bambancin ciwon da ya zo daga Allah da wanda ya zo daga hannun mutum, kuma ba yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar buhu ba ce za ta koya masa jikinsa ba. Likitar ba ta ji haushi ba, ta ce ba ta ƙaryata abin da ya ji ba, abin da ta gani kawai ta faɗa. Ni dai na gamsu tun a ɗakin, na kuma faɗa wa Basri a hanya. Ya ce ni malamar makaranta ce, duk abin da aka faɗa da farar riga sai na haɗiye.

Bayan 'yan kwanaki da dawowarmu gida, sai wani baƙin tabo ya fito a ƙafar, daga idon sawu har gefen tafin ƙafa, shuɗi da kore. Nan magana ta sake tashi. Gwaggo Sanna, ƙanwar Ambo, ta zo daga Rappang ta zauna tana buɗe wa duk mai zuwa dubiya zanen da ke ƙafar, tana cewa ga takardar da Allah ya rubuta, a kai wa 'yar Toraja ta karanta. Na ɗauki hoton tabon na kai wa Dakta Rante. Ta ce jinin da ya zuba a ciki ne ya gangaro ƙasa, kamar yadda ruwa ke neman gangare, kuma ai tabon ba a inda Ambo ya nuna yake ba. Na dawo na faɗa. Gwaggo ta ce wato yanzu har jini ma ya koma bayan Laupe. Garin ya rabu, masu cewa an buge shi da masu cewa tsautsayi ne, har a masallaci mutane suna duban wanda za su tsaya kusa da shi. Takardar likita ta isa wurin 'yan sanda, suka rufe maganar. A gidanmu ba ta rufu ba. A cikin wannan makon ne wan Kawu Laupe ya zo da zoben alkawari a naɗe cikin hankici, ya ajiye a gaban Indo, ya sha kofi rabin kofi, ya yi sallama.

Ƙafar ta yi sauƙi a hankali. Ya tashi daga kwance zuwa sanda biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Idon ne ya ƙi. Kumburi ya sauka, amma ruwa bai daina zuba ba, dare da rana, yana bin gefen hanci har gemu. Fatar wurin ta yi ja ta tsattsage. Da safe kwantsa ta liƙe idon sai an jiƙa da ruwan ɗumi, sau biyu kuma lungun ya kumbura ya yi ruwa har da zazzaɓi. Abin da ya fi damunsa ba zafin ba ne. Mutane ne da suke ganinsa suna sassauta murya suna ba shi haƙuri. Wata rana mai sayar da kifi ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bar wa Allah, Ambo ya ce masa shi ba kuka yake ba, famfo ne ya lalace, ya auna masa kifinsa ya wuce. Daga baya ya rage fita. Da aka ga magani ya ƙi ci, aka tura mu babban asibiti a Makassar. Likitan ido na can ya ce tsohuwar hanyar ta riga ta mutu, sai dai a huda sabuwa ta cikin wannan ɗan ƙashin, a haɗa jakar hawayen da hanci kai tsaye, a sa siririn bututu na wani lokaci har ta kama. Ni na raka shi, don Indo ba ta iya doguwar mota.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo, Pak Hendrik, mutumin Manado, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa da ya zo a cire masa yanar ido. Mutum ne mai surutu, kafin la'asar ya san sunan kowa a ɗakin da abin da ya kawo shi. Ya ga Ambo yana ɗingishi zuwa bayi, ya tambaya. Ambo ya ba shi labarin yadda yake ba kowa, da ƙofar ruwa da fartanya da komai. Tun kafin ya gama Pak Hendrik ya fara dariya, ya naɗe wandonsa ya nuna wani ɗan lotsawa a sharaɓarsa ta hagu. Ya ce shekarun baya yana wasan badminton da surukinsa, ya yunƙura zai tari ƙwallo, sai ya ji an maka masa gora a ƙafa. Ya juya yana zagi yana neman ɗan banzan da ya yi, ya ga babu kowa a bayansa sai bango da hoton shugaban ƙasa. Surukin yana can ƙetaren raga da baki buɗe. Ya ce da a ce akwai ko da kyanwa a bayansa ranar, da har yau yana gaba da ita. Ya ƙara da cewa Ambo ya gode wa Allah maƙwabcinsa mai haƙuri ne, shi da aka yi masa haka da ya bar mutum a cikin taɓo.

Ambo bai yi dariya ba. Ya juya fuskarsa bango, ya ce mini in gaya wa mutumin nan shi ba abokin wasansa ba ne. Bai ci abincin yamma ba. Da safe, ana shirin shiga da shi, ina ninke masa zane, sai na ji ya yi wa Pak Hendrik magana ba tare da ya dube shi ba. Ya tambaye shi ko ya ji ƙara lokacin. Pak Hendrik ya ce ya ji, har ya zaci igiyar raga ce ta tsinke. Ya tambaye shi ko tabo ya fito. Ya ce ya fito bayan kwanaki, a can ƙasa wajen idon sawu, har matarsa ta ce ƙafar ruɓewa za ta yi. Ambo bai ƙara tambaya ba. Aka zo aka tura gadonsa.

Aikin ya yi kyau. Mun dawo gida da auduga a hanci da umarnin kada ya fyace. Ruwan ya ragu tun makon farko, yanzu an cire bututun, sai idan iska ta buge shi ne idon yake ɗan cika. Game da maganar Makassar kuwa bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Abin da na lura da shi kawai, masu zuwa dubiya idan suka ɗauko zancen Laupe sai ya tambaye su farashin taki. Gwaggo Sanna ta zo ta fara, ya ce mata ta je ta taya Indo a kicin. Haka aka yi makonni. Ranar wata Juma'a da hantsi ya ce a fito masa da zanensa na siliki da baƙar hularsa. Indo ta ce ai lokacin masallaci da saura. Ya ce ya sani. Ya ɗauki sandarsa ya sauka. Indo ta leƙa ta taga ta ga inda ya nufa, ta ce mini in bi shi kada ya faɗi.

Ka san matakalar gidan Kawu Laupe, ta fi tamu tsayi da tsayuwa. Na kai hannu zan riƙe shi ya ture. Ya jingine sandar a ƙasa, ya hau da hannu da ƙafa ɗaya, yana jan ɗayar, yana hutawa. Kawu Laupe yana tsaye a sama yana kallonsa, bai miƙo hannu ba, bai kuma koma ciki ba. Da suka zauna a tabarma, Ambo bai yi doguwar magana ba. Ya ce ya zo ne ya faɗa da bakinsa cewa babu wanda ya buge shi, ƙafarsa ce ta ci amanarsa, shi kuma ya ɗora wa wanda ya goye shi. Ya ce ya zubar wa Laupe mutunci a gaban gari, kuma bayan sallar Juma'a zai tashi ya maimaita wannan a gaban garin. Yana neman gafara.

Kawu Laupe ya daɗe yana murza taba bai kunna ba. Sannan ya ce gaskiya safiyar nan ransa a ɓace yake, kuma a zuciyarsa ya zagi Ambo har da kakanninsa, amma fartanyarsa ba ta bar wuyansa ba. Ya ce zaman benci bai dame shi sosai ba, benci ne. Abin da ya kasa mantawa shi ne lokacin da yake goye da Ambo a kan kunya, ƙafarsa tana zamewa a taɓo, Ambo yana faɗa masa a kunne cewa ka kashe ni Laupe, ka kashe ni, tun daga ƙofar ruwa har titi. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya yi tunanin ya sauke shi ya kira wasu su ɗauka, sai ya ga jinin yana da yawa. Ambo ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba. Kawu Laupe ya ce ya sani, shi ya sa ya yafe. Suka yi musabaha. A masallaci Ambo ya cika abin da ya ce, a tsaye, ba sanda.

Indo ta ɗauka shi ke nan, har ta fito da zoben ta goge. Bayan kwana biyu aka aika dattawa su mayar da maganar aure. Kawu Laupe ya ce shi ba shi da ja, amma a tambayi mai ita. Cenning ta fito ta durƙusa ta gaishe su, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ta riƙe Ambo da komai ba, tsoho ne da ciwo ya gigita. Amma Basri lafiyarsa ƙalau ranar da ya tsaya a gindin gidansu. Ya san tana ciki, ya san muryarsa tana kai mata, bai kuma tsaya ya tambaye ta ko sau ɗaya me mahaifinta ya ce ba. Ta ce ta yafe masa don Allah, amma ba za ta iya zuba wa bakin nan abinci kullum ba. Dattawa suka yi ta ba ta misalai, cewa harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ta ce haka ne, amma ba ta canza ba. Basri ya je da kansa, ta saurare shi daga bakin ƙofa, ta gode masa da ya zo. A farkon watan nan ta tafi Parepare, ta sami aiki a wani shagon magani, tana zaune wurin innarta.

Basri yana nan. Shi yake riƙe da gonar yanzu, yana fita tun asuba, ba ya zama a majalisa. Ya rame kaɗan. Ban ba shi haƙuri da yawa ba, ban kuma yi masa gori ba, magana zarar bunu ce kuma ya riga ya sani. Ambo yana tafiya ba sanda a fili, amma ba ya iya ɗage dunduniyar dama sosai, likita ta ce buhu da tsallake sun ƙare masa. Shi da Kawu Laupe suna gaisawa, wani lokaci suna dawowa daga masallaci tare. Ba kamar da ba ne, ban kuma san ko zai koma kamar da ba. Badik ɗin tana wurin liman har yanzu, Ambo ya ce a bar ta can.

Saura kai. Na sami labarin cewa a makon farko ka kira ɗan Kawu Laupe a waya, ka ce ya gaya wa ubansa ya ƙirga kwanakinsa, teku ce kawai ta raba ku. Yaron ya isar da saƙon yadda ka ba shi. Ba a taɓa tayar da maganar a gabanmu ba, amma an ji ta, kuma kai kaɗai ne a gidanmu da ba ka janye taka ba. Ba na ce ka rubuto ba, ba na ce ka aiko da tsaraba ba. Ka zo da Sallah kamar yadda ka shirya, ka fara da gidan da ka ce za ka fara da shi. Ambo da ƙafa ɗaya ya hau matakalar nan, kai kana da biyu.

Indo tana gaishe ka, ta ce ka taho da yaran ko da babban ne kawai, za ta naɗa burasa mai yawa, shinkafar nan ta Sallah da ake dafawa a ganyen ayaba. Ambo ya ji ina rubutu ya tambaya wa nake wa, na faɗa, ya ce in gaya maka komai kada in rage, ban kuwa rage ba. Basri da Wellang da mijinta suna gaisuwa, haka Gwaggo Sanna. Ka gaishe mini da Hasni, ka shafa kan Ikbal da Nurul, ka gai da Daeng Massi da sauran mutanen garinmu da ke sansaninku. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa mu ga juna da fuskar alheri.

Wassalam.

Yayarka,
Nurhaedah